Miskili Ka Fi Mahaukaci Ban Haushi: Yadda Turawan Ingila Suka Ƙera Gwarzon Soyayya Mai Ciwon Zuciya

Ranar da Jane Eyre ta fara haɗa ido da mutumin da za ta aura, daga kan doki ya faɗo. Da yamma ne a watan Janairu, ta fito za ta kai wasiƙa ƙauyen Hay, sai ga wani matafiyi da ƙaton karensa. Dokin ya zame a kan ƙanƙarar da ta daskare a hanya, suka zube tare, ƙafar mutumin ta gurɗe. Ta matso za ta taimaka, shi kuwa sai ƙunƙuni da ashar yake yi, ya ce ta kauce. Ba kyakkyawa ba ne. Gira a haɗe, fuska a murtuke, ya kusa ninka ta a shekaru. Jane da bakinta ta gaya wa mai karatu cewa da ya yi mata murmushi ya ce ya gode, da ta kama gabanta. Ɗaure fuskar nan da kaushin halin su suka sa ta saki jiki ta tsaya.

Charlotte Brontë ce ta rubuta wannan a littafinta Jane Eyre na 1847, kuma a 'yan layukan nan ta nuna wani irin namiji da ya mamaye adabin Ingilishi sama da shekara 200. Mu muna da sunansa tun kafin mu san yana cikin littafin Bature: miskili. Ba ya dariya, ba ya son tambaya, in ka gaishe shi sai ya ga dama ya amsa. Akwai abin da ya same shi a baya wanda ba ya faɗa, sai dai a gan shi da tsakar dare yana safa da marwa a ɗaki. Yana raina mutane, ya kuma fi raina kansa. Sannan akwai mace ɗaya tak wadda, in ji labarin, ita ce za ta narkar da dutsen. Hausawa suka ce miskili ka fi mahaukaci ban haushi. To ta yaya mai ban haushi ya zama abin so, har 'yan matan ƙasashen da ba a taɓa ganin ƙanƙara a kan hanya ba suke kwana da shi a rai?

Masana adabi suna kiransa gwarzon Byron, da sunan mawaƙin da ya fito da shi kasuwa, amma kakansa ya girmi waƙoƙin Byron da kusan shekara 150. A 1667 John Milton ya wallafa doguwar waƙarsa Paradise Lost a kan fitar Adamu da Hauwa'u daga aljanna. Milton mutum ne mai tsananin addini, nufinsa ya bayyana adalcin Ubangiji. Sai dai Shaiɗan ɗin da ya zana ya fi kowa kwarjini a waƙar. An jefa shi wuta, ya sha kaye, amma a gaban mabiyansa yana cewa gara mulki a wuta da bauta a aljanna, in kuma ya keɓe shi kaɗai sai ya amsa cewa duk inda ya gudu wutar tana cikinsa. Musulmi ba ya bukatar dogon bayani a nan, girman kan da ya hana Iblis sujada ke nan, aka ba shi baki mai fasaha. Bayan shekara ɗari da 'yan kai mawaƙi William Blake ya yi wa Milton shaguɓe, ya ce ɗan jam'iyyar Shaiɗan ne bai sani ba.

A ƙarshen ƙarni na 18 kuma aka yi yayin labaran ban tsoro na tsofaffin gidaje da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ann Radcliffe ce sarauniyar wannan fage. A littafinta The Italian na 1797 akwai wani malamin coci mai suna Schedoni, dogo, ramamme, mai idon da ba a iya jure kallonsa, da tsohon laifin kisa a wuyansa. Amma shi mugu ne, wanda yarinya take gudu. A Jamus kuwa marubuci Goethe ya riga ya fitar da Werther a 1774, saurayin da son matar wani ya cinye har ya harbe kansa. Shi kuma raggo ne, kuka ya fi yawa a lamarinsa. Abin da Byron ya yi shi ne ya ɗauki fuskar mugun ya ɗora ta a kan zuciyar mai kukan, ya janyo shi daga gefen labari ya tsayar da shi a tsakiya.

Zamanin ma ya taimaka. Turawa suna kiran wannan lokaci zamanin Romantik, kalmar da take rikita mutane, don ba soyayyar saurayi da budurwa take nufi ba. Wani tunani ne da ya ɗaukaka abin da zuciya take ji a kan lissafin hankali, ya kuma ɗaukaka mutum guda a kan jama'a. Samarin da suka taso da jin labarin juyin juya halin Faransa na 1789 sun zaci duniya za ta gyaru. Abin ya ƙare da fille kawuna, daga nan Napoleon ya naɗa kansa sarki, aka shafe shekara ashirin da wani abu ana yaƙi har aka kayar da shi a yaƙin Waterloo a 1815, tsofaffin sarakuna suka koma karagunsu. Wanda aka yi wa alkawarin aljanna ya tarar da kango, shi ne ya fi saurin gane kansa a jikin mutumin da ya ga komai ya gaji da komai.

An haifi George Gordon Byron a 1788 da naƙasa a ƙafa, abin da ya tsaya masa a rai har mutuwarsa. Ubansa ya cinye dukiyar uwarsa ya mutu a Faransa yaron yana ɗan shekara uku. Yana da shekara goma ya gaji sarautar gidansu da wani tsohon gini da ya fara rushewa, Newstead Abbey. Ya yi yawo a Portugal da Sifen da Albaniya da Girka da Turkiyya, ya dawo, a Maris na 1812 aka buga kashi biyu na farko na Childe Harold's Pilgrimage, labarin wani matashin basarake da ya ƙoshi da holewa ya bar gida yana yawo da baƙin cikin da bai faɗi sunansa ba. Byron ya ce ya farka da safe ya tarar ya yi suna. Ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya yi ta zubo mutumin nan cikin kaya daban-daban: The Giaour a 1813, The Corsair da Lara a 1814, Manfred a 1817. The Corsair kaɗai an sayar da kwafi 10,000 a ranar da ta fito. Yau ɗan fashin teku ne, gobe basarake ne a tsaunukan Alps, amma mutum ɗaya ne, kuma ba a taɓa faɗin laifinsa filla-filla.

Wannan ɓoyewar ita ce jarin, a ganina. Da Byron ya ce ga abin da Lara ya aikata, da mai karatu ya auna ya yanke hukunci. Da ya bar wurin fayau, sai kowa ya cike shi da laifin da zai iya yafewa. Ɗari bisa ɗari na miskilan da suka biyo baya da wannan dabara suke cin abinci: shiru yana sa a zaci zurfi, ko da rijiyar ba ruwa.

Mata sun yi ta aika wa Byron wasiƙu, kowace tana ganin ita ce za ta warkar da shi. Lady Caroline Lamb, matar aure ce da suka yi 'yar soyayya a 1812, ta siffanta shi da mahaukaci, mugu, wanda saninsa haɗari ne, kuma hakan bai hana ta binsa ba. Wadda ta gwada gyaran da gaske ita ce Annabella Milbanke, mai addini, gwanar lissafi. An ɗaura musu aure a Janairun 1815, ta haifi 'ya mace a Disamba, a Janairun 1816 ta ɗauki jaririyar ta koma gidan iyayenta, ba ta sake komawa ba. Jaririyar nan ita ce Ada Lovelace da masu ilimin kwamfuta suke tunawa yau. Gari ya ɗauka da raɗe-raɗin bashi da muguntar da yake yi wa matarsa da kuma zargin wata alaƙa da 'yar'uwarsa Augusta Leigh da suke uba ɗaya. A Afrilun 1816 ya bar Ingila cikin keken doki da ya sa aka ƙera masa irin na Napoleon, bai sake taka ƙasar ba. Zazzaɓi ya kashe shi a Missolonghi a 1824, yana da shekara 36, inda ya je taya Girkawa yaƙin neman 'yanci daga Daular Usmaniyya. Mutuwar nan ta wanke shi a idon Turai fiye da duk abin da ya rubuta.

Tun yana raye akwai waɗanda suka gane wasan. Likitansa John Polidori, wanda ya zauna da shi a bakin tafkin Geneva a 1816, lokacin da Mary Shelley ta fara Frankenstein, ya rubuta The Vampyre, wanda aka buga a 1819. A ciki wani basarake ne mai sanyin fuska yake shiga taron manya, mata su yi ta rububinsa, shi kuwa jininsu yake sha. Kowa ya san da wa ake. Jane Austen kuma ta yi nata cikin raha. A Persuasion akwai wani Kyaftin Benwick da budurwarsa ta mutu, ya duƙufa karanta waƙoƙin Byron da na Walter Scott yana nishi, jarumar littafin ta ba shi shawara ya riƙa haɗawa da rubutun zube. Ba a yi wata nawa ba ya samu wata ya manta. Mutane sukan jefa Darcy na littafinta Pride and Prejudice cikin layin miskilan nan, amma ni ban yarda ba. Darcy girman kai ne da kunya suka haɗu masa, ba shi da gawa a ƙarƙashin gado. Aka gaya masa gaskiya ya ji zafi, ya je ya gyara halinsa ba tare da kowa ya kwana jinyarsa ba.

Inda miskilin ya sami gidan zama na dindindin shi ne Haworth, wani ƙauyen masaƙa a kan tudun Yorkshire, a gidan limamin coci Patrick Brontë, wanda tagoginsa suke kallon maƙabarta. Uwar gidan ta mutu a 1821, manyan 'ya'ya mata biyu suka bi ta a 1825. Huɗun da suka rage, Charlotte da Branwell da Emily da Anne, sun taso suna karanta duk abin da ya shigo hannunsu, har da Byron. A 1834 Charlotte ta rubuta wa ƙawarta jerin abin da ya kamata ta karanta, ta sa Byron a ciki, ta ce dai a tsallake Don Juan. Abin da aka fi mantawa shi ne suna da nasu Byron ɗin a cikin gida. Branwell, ɗa namiji tilo, shi aka ɗora wa buri. Ya gwada zane bai yi nisa ba, ya yi akawun jirgin ƙasa aka sallame shi, ya koyar da yaro a gidan wasu masu kuɗi aka kore shi a 1845 kan maganar matar gidan. Ya dawo ya faɗa giya da ƙwaya da bashi, yana kururuwar soyayya da dare, 'yan'uwansa mata suna share masa ɗaki. Littattafan 'yan'uwansa mata da za mu yi magana a kansu, galibinsu a cikin wannan gida aka rubuta su, a cikin waɗannan shekaru. Matan da suka rubuta su sun san warin ɗakin miskili da safe.

Emily ta fitar da Wuthering Heights a Disambar 1847 da sunan namiji, Ellis Bell. Ɗaliban da suka zauna jarrabawar adabin Turanci ta WAEC tsakanin 2021 da 2025 sun san shi, don yana cikin littattafan da aka sa musu. Tsoho Earnshaw ya je Liverpool ya tsinto yaro a titi, baƙi-baƙi, yana wani yare da ba wanda ya gane, ya kawo shi gida aka sa masa Heathcliff. Suna ɗaya ke nan gare shi, ba na uba. Liverpool ta ƙarni na 18, lokacin da labarin ya faro, ita ce babbar tashar cinikin bayi ta Ingila, kuma Emily ta bar asalin yaron a buɗe da gangan, mutanen labarin kowa da abin da yake kiransa. Da tsohon ya mutu, ɗansa Hindley ya hana yaron karatu ya mai da shi bara a gona. Abin da ya rage masa shi ne Catherine, 'yar gidan, wadda suka taso suna gudu tare a daji. Wata rana yana laɓe ya ji tana gaya wa mai aikin gidan, Nelly, cewa auren Heathcliff yanzu zubar da daraja ne gare ta. Ya fice bai ji ƙarshen maganar ba, inda ta ce ita da shi abu ɗaya ne. Ya ɓace shekara uku, ya dawo da kuɗi da tufafin manya, ya tarar ta auri Edgar Linton mai gidan Thrushcross Grange.

Har nan mai karatu yana tare da shi, kuma da gaskiyarsa, an zalunci yaron. Sai dai a duba yadda ya rama. Bai zare takobi ba, bai hau doki ya sace ta ba. Ya zauna da Hindley a teburin caca yana ba shi bashi har gida da gona suka zama jingina a hannunsa. Ya auri Isabella, ƙanwar Edgar, ba don yana sonta ba, don dokar Ingila ta lokacin ta ce duk abin da mace ta mallaka na mijinta ne daga ranar aure. Ya ɗauki Hareton, ɗan Hindley, ya hana shi karatu kamar yadda aka yi masa. Bayan shekaru ya kulle ƙaramar Cathy, 'yar Catherine, a gidansa, ya mare ta, ya tilasta mata auren ɗansa mai ciwon ajali don Grange ta faɗo hannunsa. Wanda ake kira gwarzon soyayya ya fi kama da mai ba da bashi da ruwa wanda ya haddace dokar gado.

Emily kuwa ba ta ɓoye komai ba. Ta sa Catherine da kanta ta gargaɗi Isabella cewa kada ta zaci akwai lu'ulu'u a cikin wannan dutse, mutum ne mara tausayi mai halin kyarkeci. Isabella ba ta ji ba. Daren da za su gudu ya rataye karenta a gabanta, ta gani, ta bi shi. Daga baya shi da bakinsa ya yi mata dariya a gaban Nelly, ya ce ta ɗauke shi gwarzon littafin soyayya ne. Wasiƙar da ta rubuto daga gidansa tambaya ce: shin mutum ne, in mutum ne mahaukaci ne, in ba mutum ba ne shaiɗani ne? Isabella ita ce mai karatun Byron da aka jefa cikin labarin don a ga ƙarshenta. Marubuciya ba za ta iya yin kashedi da ya fi wannan fitowa fili ba.

Amma da kashedi kaɗai ne littafin da bai rayu ba, kuma nan ne wuyar take. Ciwon Heathcliff na gaske ne. Da aka gaya masa Catherine ta mutu wajen haihuwa, kansa ya yi ta bugawa a jikin itace har jini, yana roƙon fatalwarta ta dame shi, kada dai ta bar shi shi kaɗai. Bayan shekara 18 ya sa mai haƙar kabari ya buɗe akwatin gawarta don ya ga fuskarta. A ƙarshe, lokacin da komai ya zo hannunsa, sai ƙarfin ramuwar ya zube, ya daina cin abinci, aka tarar da shi a mace a gadonta, taga a buɗe, ruwan sama ya jiƙe shi. Emily ta ƙi zaɓar mana tsakanin tausayi da ƙyama. Ta kuma bi da labarin ta bakin mutum biyu da ba a gama yarda da su ba, Nelly mai nata ra'ayin da Lockwood baƙon birni da bai fahimci komai ba, ta yadda ba wanda zai ce ga hukuncin marubuciya. Ko Charlotte, da ta rubuta gabatarwar bugun 1850 bayan mutuwar Emily, cewa ta yi ba ta jin ya dace a ƙirƙiri halitta irin Heathcliff.

Nata miskilin ya fi sauƙin zama da shi, amma ba da yawa ba. Edward Rochester, mutumin nan da ya faɗo daga kan doki, mai gidan Thornfield, ya ɗauki Jane, marainiya 'yar shekara 18, ta koyar da wata yarinya da yake riƙo, a kan fam 30 a shekara. Yana jan ta da hira yana gwada hankalinta, ya sa ta kishi da wata 'yar masu kuɗi da gangan, har shigar tsohuwa mai duba ya yi don ya ji cikinta. Ranar ɗaurin aure, suna gaban limamin coci, wani lauya ya miƙe ya ce akwai matsala: ango yana da mata, tana raye, a kulle a hawa na uku na gidan. Bertha Mason ce, 'yar Spanish Town ta Jamaika, wadda ta haukace.

Mai karatu Bahaushe zai iya tsayawa nan ya ce, to sai me? A Kano ko Damagaram labarin da bai kai haka ba. Mutum ya sanar da dangi halin da uwargida take ciki, a nema mata magani, ya ƙaro ta biyu, ko kuma a rabu. A Ingila ta wancan zamani duk ƙofofin nan a rufe suke. Auren mace biyu laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Kafin dokar 1857, sakin da zai ba mutum damar sake aure sai Majalisar Dokoki ta zartar da doka ta musamman a kansa shi kaɗai, da kuɗi masu yawa, kuma sai an tabbatar da zina. Hauka bai zama dalilin saki ba sai 1937. Shi kansa auren Jamaikan, uban Rochester ne ya ƙulla shi, don ya ƙudurta bar wa babban ɗansa gadon gaba ɗaya, sai ya nema wa ƙaramin mace mai kawo fam 30,000. A lissafa: albashin Jane na shekara dubu ke nan. Baƙin cikin da yake zagaye Rochester kamar hayaƙi, in aka bi shi zuwa murhu, dokar gado ce da dokar aure da kuɗin gonakin Jamaika.

Hakan ba ya wanke shi. Ya ci kuɗin, ya kulle mai kuɗin sama da shekara goma ƙarƙashin kulawar mace ɗaya mai shan giya, ya yi yawon Turai da farkoki uku da ya lissafa da bakinsa, sannan ya so ya jefa yarinyar da ba ta da kowa cikin auren da ba aure ba. Da asiri ya tonu, abin da ya nema shi ne ta bi shi kudancin Faransa su zauna haka nan. Ƙarfin littafin yana wajen Jane, wadda take sonsa kamar ranta amma ta fita da asuba ba ta da komai, har bara ta yi. Charlotte ba ta mai da ita ba sai da ta gyara ma'auni da hannunta. Jane ta gaji fam 20,000 daga kawunta na Madeira. Bertha ta cinna wa gidan wuta ta faɗo daga sama ta mutu. Rochester ya makance ya rasa hannu ɗaya wajen ƙoƙarin ceto. Sai a lokacin Jane ta ce wa mai karatu ta aure shi, kuma ita ce mai aikatawa a jimlar. Wato ko wadda ta ƙirƙire shi ba ta yarda a zauna da shi ba sai an cire masa fiƙa. Kuɗin gyaran kuwa Bertha ce ta biya, macen da ba a ba ta ko kalma ɗaya ta faɗa a littafin ba. Sai a 1966 Jean Rhys, haifaffiyar tsibirin Dominica, ta rubuta Wide Sargasso Sea ta ba da labarin daga bakinta, ta kuma ƙi kiran mijin da sunansa ko sau ɗaya.

Me ya sa mata suka fi kowa rubuta shi da karanta shi? Ina ganin saboda shi ne mai abin da aka hana su. Yana fushi a fili, yana tafiya inda ya so, yana da tarihi. Yarinyar da aikin da ya rage mata shi ne koyarwa a gidan wasu a kan fam 30, idan ta rubuta Rochester ko Heathcliff, rabin abin sha'awarsa ce, rabin kuwa fushinta ne ta sa masa wando. Sannan labarin yana yi wa mara ƙarfi wani alkawari mai daɗi: mutumin da kowa yake tsoro yana da rauni guda, kuma ke ce. A duniyar da mace ba ta da gida ba ta da ƙuri'a, mulkin zuciyar mai gida shi ne kaɗai mulkin da ake iya hangowa.

Kasuwa ta ɗauki alkawarin ta zubar da kashedin. Fim ɗin Wuthering Heights na 1939 da Laurence Olivier ya fito a ciki ya yanke rabin littafin na biyu, inda muguntar Heathcliff ga yara take, ya bar masoya biyu a kan tudu. A 1938 Daphne du Maurier ta rubuta Rebecca, inda asirin maigidan ya wuce kulle mata, kashe ta ya yi, amaryar kuma da ta ji sai hankalinta ya kwanta don ta gane ashe bai taɓa son marigayiyar ba. Kamfanin Mills & Boon, da aka kafa a 1908, daga baya ya mai da shi kayan masana'anta, kuma ƙananan littattafansa sun zaga makarantun kwana na 'yan mata a Najeriya. Wanda yake bin littattafan Hausa da ake rubutawa a WhatsApp da Wattpad ya san jikansa: ɗan mai kuɗi ko soja ko likita, ba ya magana ba ya dariya, wata ta taɓa yaudararsa, aka aura masa 'yar talaka, ya yi ta wulaƙanta ta har shafi na ɗari biyu, sannan ya durƙusa. Muna da namu miskilancin tun asali, kuma fina-finan Indiya sun zuba nasu gishirin, amma ƙashin bayan labarin na Thornfield ne.

'Yar autar gidan Haworth ce kaɗai ta ƙi yarda da durƙuson. Anne, wadda ta yi aiki a gida ɗaya da Branwell ta ga abin da ya faru da idonta, ta fitar da The Tenant of Wildfell Hall a 1848. Jarumarta Helen ta auri Arthur Huntingdon, kyakkyawa mai barkwanci mai shan giya, duk da gargaɗin gwaggonta, tana cewa ita za ta shiryar da shi. Anne ta bi auren shekara bayan shekara ta cikin littafin sirrin Helen: abokan shaye-shaye, farka a cikin gida, uba yana koya wa ƙaramin ɗansa giya da ashar. Huntingdon ba shi da wani tsohon ciwo da zai sa a tausaya masa, Anne ta cire masa hayaƙin ta bar halin tsirara. Helen ta ɗauki ɗanta ta gudu, ta canza suna, tana sayar da zane tana ci, alhali a dokar lokacin ɗan da kuɗin zanen duk na mijin ne. Littafin ya yi kasuwa, masu sharhi suka ce ya yi ƙazanta da yawa.

Branwell ya mutu a Satumbar 1848, Emily a Disamba tana da shekara 30, Anne a Mayun 1849 tana da 29. A 1850 masu buga littattafai suka nemi sake fitar da ayyukan marigayan biyu, Charlotte ce mai ta cewa. Ta amince da Wuthering Heights, ta amince da ƙaramin littafin Anne na farko, Agnes Grey. Da aka zo kan The Tenant of Wildfell Hall sai ta ce ba ta ga dalilin adana shi ba, zaɓen batun kuskure ne tun farko.